Ki Bar wa Bilkisu Bironta

Kankiya,
ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Uwata, kin ga na daure na rubuta sunanki a sama saboda takarda ce, amma daga nan zan koma ga wanda bakina ya saba da shi, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ina fata kin sauka lafiya, direba bai yi gudun da zai ɗaga miki hankali ba. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare ki a aji da ɗakin gwaji, ya haɗa ki da abokan zama na kirki. Na cusa wannan takarda a jakar da Innarki ta zuba miki kuka da daddawa, don na san ko littattafanki sun kwana a ɗaure, wannan jakar ba za ta kwana ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Laraba, na kasa faɗa miki ido da ido.

Ranar da kika gaya mana cewa a sashenku na injiniyoyi an zaɓe ki cikin masu digiri na biyu da za su riƙa zama da 'yan uwansu ɗalibai, suna duba musu rubutun bincike, suna sauraron jawabinsu kafin su tsaya gaban malamai, "madalla" kawai na ce na sa takalmina na fita. Kada ki ɗauka abin bai shige ni ba. Ki tambayi mutanen majalisarmu ta bakin masallaci, sun ji labarin har sun fara sauya zance in sun hango ni. Ni da na ƙare rayuwata a haƙar rijiyar burtsatse da difloma ɗaya tilo, yau ga ɗiyata an ce ta duba rubutun injiniyoyi. Tsarin kansa ma ya burge ni. Duk wanda ya fara tunanin a zaunar da ɗalibi kusa da ɗalibi ya san halin mutane, domin abin da mutum zai ji nauyin tambayar farfesa, zai tambayi wanda suke cin abinci tare. A zamaninmu ba mu sami irin wannan ba.

To, ranar Laraba na dawo daga gona na tarar da ke a gindin darbejiya, kwamfuta a cinya, kina ta bugu ba ɗaga kai. Na tambaye ki ko kundinki ne. Kika ce a'a, babi na uku ne na Anti Bilkisu da kuke aji ɗaya, wadda za ta tsaya kare aikinta gaban malamai in an koma. Kika ce, "Baba, wallahi gwajin da ta yi a kan ƙasar gini ya fi nawa aikin kyau. Rubutun ne ba a gane inda ya dosa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yanta uku, ta daɗe tana aiki kafin ta dawo karatu. Da wane baki zan ce mata ban gane ba? Gara in sake rubutawa in mayar mata, in ce waƙafi kawai na gyara."

Kunyarki ta yi mini daɗi, tarbiyyar Innarki ce. Amma ni ma na taɓa faɗin kusan waɗannan kalmomi, kuma na san abin da suka jawo wa wanda na faɗa wa. Idan kika miƙa wa baiwar Allah nan babin da ba ita ta rubuta ba, ranar kare aiki ita kaɗai za ta shiga ɗakin, ke kina waje. Bari in ba ki labarin Malam Garba, wanda kika sha jin sunansa a gidan nan amma ba ki taɓa ganinsa ba.

Farkon shekarun da aka ba mu jiha aka ɗauke ni aiki a wani shiri na kai ruwa karkara, aka haɗa ni da shi. Mutumin Yashe ne, ya ba ni shekara goma sha biyar ko fiye. Bokonsa bai wuce firamare ba, sai takardar koyon sana'a, amma har na bar aiki ban ga wanda ya san ƙasa kamarsa ba. Zai tsaya a fili ya dubi irin itatuwan da suka fito, ya dubi suri, ya murza ƙasa a tafin hannunsa, ya ce gaba kaza za a tarar da ruwa. Ni kuma in fito da na'ura da takardu in yi ta lissafi, in zagaya in ƙare a inda ya faɗa. Ba ya ɓoye abin da ya sani, ba ya kuma ɓoye ra'ayinsa. In ka yi daidai ya ce ka yi, in ka yi shirme ya ce ka yi, sannan ya tura maka kwanon fura.

Kuskurena na farko na ɗan makaranta ne mai ji da kansa. Mun gama wata rijiya a wani ƙauye kusa da Kafinsoli, na lura cewa ruwan wurin yana nutsewa sosai da bazara, dole a ƙara bututu biyu kafin zafi ya shigo. Na zauna na rubuta rahoto shafi goma sha biyu. Duk wata babbar kalma da na taɓa haddacewa sai da na nema mata wuri. Na fara da tarihin duwatsun yankin, na bi da jadawali a kan jadawali, maganar bututun kuwa na binne ta a tsakiyar shafin ƙarshe. Aka karɓa, aka yaba da kaurinsa, aka sa a fayil. Bazara ta zo, famfo ya koma jan iska, mata suka koma tafiyar nesa da tulu a ka. Ina ta ƙorafi cewa na faɗa ba a ji ba, sai Malam ya ce in karanta masa rahoton. Na gyara murya na fara. Ban kai shafi na uku ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Lawali, tsaya. Mi kake so su yi?"

Na ce, "Su ƙara bututu biyu."

Ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi haka tun layin hwarko? Mai sa hannun nan shina da takardu tuli gabanshi. Ka ba shi aiki, ba ka ba shi magana ba."

Wannan tambaya tasa ita na riƙe har na yi ritaya, kuma ita nake so ki ɗauka. In kin zauna da Bilkisu, ki rufe kwamfutar tukuna. Ki ce ta gaya miki da baki, da Hausa ma in ta fi mata sauƙi, me ta yi wa ƙasar nan, me ta gano, kuma me take so mai gini ya yi gobe in ya karanta. Za ki sha mamaki, wanda ya yi aiki da hannunsa bakinsa ba ya hargitsa shi yadda biro ke hargitsa shi. Abin da ta faɗa da farko, shi za ta rubuta da farko. Ke naki ki riƙa tunatar da ita cewa wanda zai karanta bai shiga ɗakin gwajin tare da ita ba.

Kuskure na biyu Innarki ce shaida, har yau in muka saɓa takan tono shi. An tura mu Dudunni mu yi wa mutanen gari bayanin yadda za su kula da sabon famfonsu, Malam ya ce ni zan yi magana don in koya. Muna sabon aure lokacin. Na tsaya a tsakar gida na gwada jawabin a kanta tana tankaɗe. Da na gama ta ce, "Yo ni dai ko ɗaya ban gane ba. Robar nan da kake ta faɗi, ina take, kuma ta yaya za a san ta cinye?" Na ji haushi, na ce ai ba fanninta ba ne. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Washegari na tsaya gaban mai gari da dattawa na zuba jawabin nan kaf. Kowa yana gyaɗa kai ana "haka ne, haka ne," irin na mutanenmu da ba sa son baƙo ya ji kunya. Na zauna ina jin kaina a sama. Sai Malam ya tashi ya sa hannu a aljihu ya zaro roba biyu, sabuwa da tsohuwa, ya ba mai gari, suka zagaya hannu-hannu. Ya ce, "Ranar da kunka ga sai an yi ta bugu kahin ruwa shi hito, to wagga ce ta gaji can ƙasa. Kada ku ƙara ƙarhi, ku aiko mana." Nan take tambayoyi suka ɓarke, har daga matan da ke bayan danga. Da na dawo gida Innarki ta tambaye ni yaya taro, na ce lafiya lau, na shige ɗaki.

Don haka in kina sauraron ɗan ajinku yana gwada jawabinsa, kada ki yi masa irin gyaɗa kan dattawan Dudunni. Duk inda kika ɓata ki tsayar da shi ki ce a nan na ɓata, ki yi masa tambayar da kike tsoron malamai za su yi masa, tun kuna ku biyu ba mai jinku. Kada kuma abin da kika gani a kundin wani ya zama hirarki da ƙawaye, amana ce aka ba ki. Sannan ke ma ba ki fi ƙarfin a ce miki ba a gane ba. Na san ki, kin gado ni wajen kumbura in an taɓa aikinki. Shawarata ki fara miƙa wa Bilkisu naki babin, ki ce ta nuna miki inda ya shige mata duhu. Ta yi shekaru a bakin aiki, za ta ga abin da ba ki gani ba. In ta fara yi miki gyara, nauyin da kike ji zai ragu da kansa.

Sai babban kuskuren, wanda saboda shi na ɗauki biro yau. Duk ƙarshen wata kowannenmu yana rubuta rahoton aikin da ya yi. Ni ne na iya buga tafireta, don haka Malam yakan miƙo mini nasa da rubutun hannu. Ilimin da ke cikin takardun nan, Uwata, ya ninka nawa, amma a hargitse yake. Zai fara da ƙarshe ya tsallake tsakiya, don abin da ya sani yana ganin kowa ya sani. Mutumin da bai taɓa ganin na ɗaura bututu a karkace ya yi shiru ba, ni sai na kasa ce masa ga inda na ɓata a rubutunsa. Ya girme ni, shi ya shige mini gaba wajen neman auren Innarki, yaya zan sa wa takardarsa jan biro? Sai na riƙa sake rubutawa daga farko har ƙarshe da nawa Turancin. In ya zo sa hannu ya duba sama-sama, da yake a hankali yake karanta Turanci, ya ce, "Kai, tafireta tana gyara magana!" Ni kuma in ce, "Harafi ɗaya-biyu ne kawai na daidaita, Malam." Shekara shida muna haka. Ina ganin kara nake yi masa, har ina yaba wa kaina.

Rahotannin suka yi suna a sama. Da aka buɗe gurbin mai kula da ayyukan shiyya, manya suka ce wa ya fi Garba, ga aiki ga rubutu. Takardar kiransa intabiyu a Katsina ta iso saura wata guda. Wata guda cur ina da damar zaunar da shi in faɗa masa gaskiya. Kullum in ce gobe. Ranar tafiya ya biyo ta gidanmu da sabuwar riga, na raka shi tasha, na ce Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya faru a can, wani da ke ɗakin ne ya ba ni labari daga baya. Masu intabiyun sun ɗauko rahoto ɗaya daga fayil ɗinsa, suka karanta masa sakin layi, suka ce ya yi bayani. Aikin nasa ne, rijiyar shi ya haƙa ta, amma kalmomin baƙi ne a kunnensa, har ya kasa gane wace rijiya ake nufi. Sai suka ba shi farar takarda suka ce ya rubuta shafi ɗaya a gabansu. Da suka haɗa biyun, ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi a gaban kowa wa yake rubuta masa. Mutumin da ko ƙusar wurin aiki bai taɓa kaiwa gidansa ba, ranar nan aka yi masa kallon maƙaryaci.

Bayan kwana biyu na same shi a bakin wata rijiya yana wanke hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lawali, ashe ba harahi ɗaya-biyu ba ne." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara shida. Da ka zaunar da ni ko sau ɗaya a wata, da yanzu na iya. Ni ban ji kunyar koya maka ba. Kai mi ya sa ka ji kunyar koya mani?" Daga baya na ji cewa an matsa masa ya faɗi sunan mai rubuta masa, ya ƙi, ya ce shi ya sa hannu, laifin nasa ne. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye aiki ya koma noma a Yashe. Gurbin kuwa, da aka sake nema, ni aka ba. A kujerar nan na zauna har na yi ritaya, kuma ba ranar da na zauna a kanta ban tuna wanda ya fi ni cancanta ba.

Na daɗe ina juya abin nan da na kira kara. Gaskiyar magana, kaina na tausaya wa. Na guje wa nauyin minti goma, na bar masa kunyar da ta raba shi da aikinsa. Ba na zarginki da mugun nufi, ni ma ban yi da mugun nufi ba. Amma ina roƙonki, babin nan da kika sake rubutawa kada ya isa hannunta. Ki je ki same ta ki gaishe ta yadda ake gaida babba, ki fara da gaya mata abin da kika gaya mini, cewa gwajinta ya fi naki kyau, tunda gaskiya ne. Sannan ki ce akwai wuraren da kika kasa bi, kina so ku zauna. Ku zauna gefe da gefe, takarda a gabanta, biro a hannunta. Ko hannunki ya yi ƙaiƙayi, ki bar mata bironta. Jimlar da ta gyara da kanta, ko ba ta kai taki santsi ba, za ta iya tsayawa a kanta in an tambaye ta. Mai yiwuwa ta ɓata rai ranar farko, ki jure.

Tun bayan barinsa aiki, tsakanina da Malam sai gaisuwar suna da ta'aziyya, ita ma a tsaitsaye. Ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Jiya da na ce muku zan yi Juma'a a Kusada, Yashe na tafi wurinsa. Na tarar da shi a zaure bayan an sauko, ya tsufa ƙwarai, amma idon nan mai auna mutum yana nan. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Sai yanzu, Lawali? Ai na yahe tun ba ka yi hurhura ba. Mi ya tuno maka?"

Na ba shi labarinki da na Bilkisu. Da ya ji aikin da aka ba ki ya yi ta sa miki albarka, ya ce ashe yanzu har koya wa injiniyoyi ake yi yadda za su gaya wa juna gaskiya. Sannan fuskarsa ta sauya, ya ce, "Ka ce ma ɗiyar nan ta hwaɗa mata tun da sauran kwana. Kada ta raka ta tasha kawai."

Ina shirin yin sallama ya ce in dakata. Ya shiga ciki ya fito da takarda a ninke da biro. Famfon unguwarsu ya lalace, mutane sun ɗora masa rubuta takardar neman gyara, ya rubuta sau uku bai gamsu ba. Ya miƙo mini ya ce, "Karanta da ƙarhi. Inda ka ɓata ka tsaya. Amma hannunka shi zauna cikin aljihu."

Sau biyar na tsaya. Kowane wuri in ce a nan ban gane ba, shi kuma ya faɗa mini da baki, in ce to rubuta haka. Sau biyu ya yi mini gardama, a ɗaya shi ne da gaskiya. Ya sake kwafe ta da hannunsa, harafi bayan harafi, hancinsa kusa da takarda. Da ya gama ya karanta ta daga sama har ƙasa ba tuntuɓe, kuma duk wanda ya ji ta zai san abin da ya lalace da abin da ake so a yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yo ashe abin ba shi da wuya haka."

Na juya fuskata wajen bango don kada ya ga idona. Ko la'asar ba a kira ba muka gama, Uwata. Abin da na hana bawan Allah nan shekara talatin da wani abu, bai cika awa biyu ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar da na rasa a lokacin da ake bukatarsa. Allah ya buɗe wa Bilkisu baki ranar da za ta tsaya, ya fitar da ku kunyar malamanku ke da ita da duk wanda zai zauna a gefenki. Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. In kun zauna da Bilkisu, ki kira ni ki gaya mini yadda kuka yi, don Malam ya ce in kai masa labari.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawal.